Za mu kai yara Yankari bayan Sallah, ku ba ni shawara kafin in yi da na sani

Maman Hanif (Fadaman Mada): Salamu alaikum 'yan gida. Ina da tambaya, amma don Allah waɗanda suka taɓa zuwa su ba ni amsa, ba waɗanda suka gani a hoto ba. Tun cikin azumi Baban Hanif ya yi wa yara alkawarin kwana uku bayan Sallah zai kai mu Yankari. Hanif shekararsa bakwai, Nana ba ta cika huɗu ba, ga Sadiq a baya, wata goma. Yaran sun hana kowa sakat, Nana har ta ƙulle takalminta a leda ta ajiye bakin ƙofa. Ni kuwa gabana sai faɗuwa yake. Fitarmu ta ƙarshe wani wurin wasa ne nan cikin gari, ban zauna ba ko na minti biyar, na dawo da ciwon baya da yaro mai zazzaɓi. Yankari wurin zuwa ne da goyo? Ko in ce su tafi da Hanif, mu mu zauna?

Maman Hassana (Yelwa): Hhhh, 'yar uwa ai haka abin yake. Su suna cewa an fita shaƙatawa, mu kuwa kicin muka ɗauka ɗungurungum muka kai daji.

Baban Khalifa (Jekadafari, Gombe): Wa alaikumus salam. Maman Hanif ki je, kada ki ji tsoro. Sau uku ina kai iyalina. Abin kunya ne a ce yaro haifaffen Bauchi bai san giwa ba sai a talabijin, alhali mutane na tasowa tun daga Turai su zo ganinta a ƙasar Alkaleri. Tun 1956 aka keɓe dajin nan, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Kuma yanzu ne lokacinsa: rani ya yi, ciyawa ta kwanta, dabbobi duk sun gangaro kogin Gaji neman ruwa. In kika bari damina ta sauka, sai dai ki kalli ganye ki dawo.

Maman Hanif: Na gode Baban Khalifa, amma duk tarihin nan ba shi zai riƙe min Sadiq ba. Da kuka je sau ukun, wa ya riƙe ƙaramin?

Baban Khalifa: To, mahaifiyarsa mana.

Maman Hassana: Alƙali ya tashi, shari'a ta ƙare.

Malam Ɗanjuma (Alkaleri): Hajiya, ni direba ne, kuma hanyar nan ita ce abincina, bari in faɗa miki abin da masu hoto ba sa faɗa. Daga Bauchi hanyar Gombe za ku bi, in kun zo Dindima ku karya dama ku nufi Mainamaji, nan ƙofar shiga take. Kuskuren da baƙi ke yi, da sun ga ƙofa sai su ce wa yara "mun iso". Ba ku iso ba. Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki, inda ruwan ɗumin da ake wanka yake, akwai sama da kilomita 40 cikin daji zalla, ba shago, ba mai shayi, kuma ba a gudu don dabba na iya tsallakowa. Nan ne yara ke fara kuka, nan ne mai jin fitsari ke tunawa. To a ƙofa ki sa kowa ya kama ruwa, ko ya ce ba ya ji. Ku cika tanki tun daga Bauchi, maigida ya duba safaya da jak da idonsa, ba da baki ba. Ku fita ana idar da sallar asuba, yara su yi rabin hanya suna barci. In ba kwana za ku yi ba, ku kamo hanyar gida da la'asar sakaliya, kada magariba ta same ku a ciki.

Maman Hanif: Allah Ya saka da alheri Malam. Wannan kilomita 40 ɗin ko maigidan ban ji ya ambata ba.

Maman Hassana: Kuma ba wanda ya yi miki maganar masu gidan tukuna. Gwaggon biri nake nufi. Ni na je shekara biyu da suka wuce da 'yan biyuna suna shekara biyar. Na tashi tun ƙarfe uku na dare na soya masa, na yi miyar taushe, na zuba a kula. Muna sauka daga mota na ciro masa biyu na miƙa wa Hassana da Usaina don su yi shiru. Wallahi ban rufe kular ba sai ga wani ƙato yana tahowa a hankali, kamar mai bin bashi, ko kallon Babansu bai yi ba. Kai tsaye wurin Usaina ya nufa, ya miƙa hannu ya zare masar kamar ita ta ba shi, ya koma gefe ya zauna yana ɓare ta yana kallonmu. Yarinya ta sandare, sai da ya gama ci sannan ta fasa ihu. Ina rarrashinta, wani ya zagaya ta baya ya shige mota ta ƙofar da muka bari a buɗe, ya fito da ledar burodi da famfas ɗaya a hannu. Sun san leda, sun san kula, sun san wanda zai kore su da wanda ba zai iya ba. Kada yaro ya riƙe abinci a fili, ko alawa ce. A ci a cikin mota gilashi a rufe, ko a ɗaki a kulle ƙofa. In kuwa ya riga ya kama abu, a sakar masa, kada a yi ja-in-ja, haƙoransa ba na wasa ba ne.

Abu Maryam (Bolari): Ni fa ina karanta ku ina mamaki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutum yana lissafin zuwa aiki ma, ku kuna lissafin kai wa biri masa. Mai, kuɗin shiga, motar zagaya daji, abinci, in an kwana ga ɗaki. Kuɗin nan zai sayi buhun masara ya yi saura. Mu da muna yara yawon Sallah gidan kakanni ne da gwaggonni, a ba ka tuwo da goron Sallah, ka dawo aljihu na ƙara. Me ya same mu? Wannan fitar ta zamani rabinta don a ɗora hoto ne a Facebook a ce su wane an je.

Baban Khalifa: Abu Maryam, buhun masara kullum ana saye, kullum yana ƙarewa. Khalifa yanzu shekararsa goma sha biyu, har gobe yana ba da labarin ranar da garken giwaye ya tsare mana hanya, direba ya kashe mota muka yi tsit kusan rabin awa.

Abu Maryam: Labari ba ya shiga tukunya, Alhaji.

Hajiya Yaya (Jahun): 'Ya'yana ku dakata, tsohuwa za ta sa baki. Abu Maryam, gaskiyarka ta zumunci, ban ƙi ba. Ni ma abin da na fi tunawa a yarinta shi ne ranar hawa, Baffa ya ɗora ni a wuya a ƙofar fadar Sarkin Bauchi, ina riƙe da hularsa, dawakai na wucewa ƙura ta turnuƙe, ga algaita ga kakaki, 'yan bindiga suka saki ɗaya na saki fitsari a wuyansa. Bai ce komai ba, Allah Ya jiƙansa, sai dariya. Ko sisi bai kashe ba. Amma ka lura da wanda ya ɗauke ni: Baffa ne, Inna tana gida kan tukunya. A garin nan aka haife ni, a nan na yi aure, na haifi tara, ban taka Yankari ba sai da na haura hamsin, jikana ya kai ni. Da na sa ƙafa a ruwan Wikki na ga yatsuna a ƙasa fes kamar a madubi, sai hawaye. Na ce ashe wannan abu yana bayan gidanmu shekara da shekaru. Saboda haka Maman Hanif, kada ki ce su tafi ke ki zauna. Zaman nan ba ya ƙarewa. Bana goyo, baɗi ciki, baɗin baɗaɗa wani goyon.

Maman Hanif: Allah sarki Hajiya, kin sa jikina ya yi sanyi.

Anti Rabi (ma'aikaciyar jinya, Gwallaga): Tunda Hajiya ta kawo ruwa, bari in shigo, don nan ne nawa tsoron yake, ba biri ba. Ruwan Wikki daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa na nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, shi ya sa yaro in ya shiga ba ya son fita. Haskensa kuma yana ruɗi: kina ganin yashin ƙasa sai ki ɗauka bai kai gwiwa ba, alhali can kusa da dutsen yana shanye babban mutum. Yara su tsaya ta ƙasa inda ya yi faɗi ba zurfi. Kuma ku riƙe wannan: yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya fantsama. Shiru yake yi, baki na shiga ruwa yana fitowa, ana tsaye kusa da shi ana hira. Irin Nana dole babba ɗaya ya zama ita kaɗai ce aikinsa, inda hannunsa zai kai gare ta, waya a jaka. Ba "muna kallonsu" ba. In mutum biyar suna kallo, to ba mai kallo, kowa ya bar wa ɗan uwansa. Balan-balan ɗin hannu da ake sayarwa a kasuwa abin wasa ne, kada ki dogara da shi.

Sai zafi. Sallar bana cikin bazara ta faɗo. Sadiq ya sha nono akai-akai ko bai nema ba, a rage masa kaya, kada a lulluɓe shi da tawul a baya wai don ƙura. Ki saka ruwan gishiri da sukari na leda a jaka, uku ko huɗu. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Da maganin zazzaɓi na yara, da filasta. Kuma akwai ƙudan tsando a dajin, cizonsa da zafi, yana son baƙi da shuɗi mai duhu, to ki sa musu kaya masu haske masu dogon hannu.

Maman Hassana: Anti, wato kayan Sallah su zauna a gida ke nan? Don na san Nana da leshi za ta so tafiya.

Anti Rabi: Leshi da takalmi mai tsini a daji? A yi hoto da su a gida a cire.

Malama Talatu (Tumfure): Ni ina da ja kaɗan, ba da Hajiya ba, da lissafin. Shekara goma sha shida ina koyar da 'yan aji ɗaya da biyu, na kai yara wurare ba adadi. Abin da na gani, yaro ƙasa da shekara biyar ba nisan wuri ke burge shi ba. Mun taɓa cika mota muka kai su kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Aka bi da su ta lungun nan mai duhu har aka fito sarari inda kabarin yake, aka nuna musu kayansa, aka faɗa musu shi ne Firayim Minista na farko, an kashe shi a Janairun 1966. Manyan sun kama, har wani ya tambaya me ya sa aka kashe shi. Da muka koma na ce ƙananan kowa ya zana abin da ya gani. Fiye da rabi ƙadangare suka zana, wani jan gwada da suka gani a kan katanga yana gyaɗa kai.

Ba ina cewa kada a je ba. Ina cewa tafiyar Yankari ta Hanif ce, da ta iyayensa. Nana in kika kai ta wurin maƙera ta ga ƙarfe ya yi ja ana dukansa, ko wurin mai ginin tukwane ya ba ta yumɓu ta murza, ta samu abin da ya fi giwa. Ni duk lokacin da aka buɗe baje koli nakan kai nawa, ba rumfunan kamfanoni ba, can gefen masu sana'ar hannu: masu saƙar faifai da tabarma, masu sassaƙa ƙwarya, dukawa. Wata tsohuwa ta taɓa zaunar da 'yata ta koya mata ɗinkin faifai layi biyu, muka sayi ɗan ƙarami. Yau shekara uku, ba mai taɓa faifan nan a gidanmu.

Abu Maryam: Yawwa Malama, abin da nake faɗa ke nan.

Malama Talatu: A'a Abu Maryam, ba shi kake faɗa ba. Kai cewa ka yi a zauna. Yaushe rabon da ka riƙo hannun Maryam ka kai ta ko kallon masu ƙira?

Abu Maryam: Malama ai sai ki bari in sha ruwa tukuna.

Maman Hassana: Maganar baje koli ta tuna min. A irin taron nan na taɓa ɓatar da Usaina, ita dai ce kullum. Ina tayin atamfa, na juya babu ita. Minti goma, amma na ga lahira. Ashe tana bayan rumfar mai alawar auduga tana kallon injin. Tun ranar ba ma shiga taro sai na rubuta lambar wayata a takarda na sa a aljihunsu, wani lokaci har a damtse da biro. Kuma ina ɗaukarsu hoto kafin mu fita, don ranar da aka tambaye ni wane kaya ta sa, wallahi na kasa tunawa, ni da na sa mata.

Injiniya Bala (Kafin Madaki): Ku da kuke ta Yankari, kun manta da gandun dajin Sumu a nan Ganjuwa. Ta hanyar Ningi ne, ya fi kusa da Bauchi, ana zuwa a dawo kafin rana ta yi tsaka. Akwai raƙumin dawa da jakin dawa, asalinsu daga Namibiya aka kawo su a 2006. Ga mai ƙananan yara ni ina ganin ya fi sauƙi, don raƙumin dawa ba ya ɓuya, wuyansa na sama da itace. Giwa kuwa sai an yi sa'a, kana iya kwana biyu a Yankari ka dawo da hoton kashinta kawai.

Baban Khalifa: Gaskiya ne, giwa ba alkawari. Amma Sumu ba Wikki.

Sani Deba: Mu mutanen Gombe ba mu da giwa, tun da aka raba mu a 1996 kuka riƙe abinku. Amma muna da Dadin Kowa. Ranar hutu mu ɗauki tabarma mu je bakin dam, a sayi kifi a soya, yara su yi wanka a gefe, kuɗin mai kaɗan.

Anti Rabi: Malam Sani, kifin na yarda, tabarmar na yarda, wankan ne ban yarda ba. Ba Dadin Kowa kaɗai ba, duk wani dam ko tafki ko kududdufi, har Gubi namu na nan. Na farko, gefen dam yana da laka da gangare, taku ɗaya ne tsakanin gwiwa da wuya. Na biyu tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan kwance take girma, ta fito ta huda fata ba tare da yaro ya ji ba, bayan makonni ka ga jini a ƙarshen fitsari. A wasu ƙauyuka har ana ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba balaga ba ce, ciwo ne, yana da magani a asibiti, in an bar shi yana lalata mafitsara.

Sani Deba: To fa. Mu da muka tashi a cikinsa?

Anti Rabi: Ku je a duba ku.

Ummu Safwan (Agege, 'yar Azare): Ina ta bin ku daga Legas ina kewar gida. Ku gode wa Allah ruwanku ba ya bin mutum. Shekarar da muka dawo nan, Abban Safwan ya ce sai yara sun ga teku, muka je bakin ruwa a Lekki. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ba shi da tsallake ba, sai na tsaya kawai ina salati. Muna tsaye iya idon sawu, ina riƙe da Safwan, sai igiya ta zo ta koma, na ji yashi yana zarewa daga ƙarƙashin ƙafata kamar ana jan tabarma. Ta biyu ta fi ta farko, ta jiƙa ni har ƙugu, ta tafi da silifas ɗina ɗaya, har yau yana can hanyar Amurka. Tekun Atlantika ba wurin wankan yara ba ne, ko manya masu iyo yana ja. Yanzu in mun je, can sama muke shimfiɗa, yara su haƙa rami su gina gida, a ɗora su a doki a zagaya, shi ke nan. Abin dariyar, sai da muka sha cunkoso awa uku muka biya kuɗin shiga, su kuwa yashi suka yi ta wasa da shi, irin wanda ke jibge a ƙofar gidanmu a Azare kyauta. Ƙanwarsa ta ɗanɗana ruwan ta tofar, ta ce Umma wa ya zuba gishiri haka, za ki yi masa faɗa?

Malam Auwal (Ƙofar Dumi): Tambaya ɗaya. Mata a wurin wankan nan, ya ake ciki? Don ni abin da ke hana ni kai iyali ke nan, cakuɗuwa.

Hajiya Yaya: Malam, ni da zanena da doguwar rigata da hijabina na shiga, ba wanda ya ce min kanzil. Ka kai su da sassafe kafin 'yan makaranta da samari su cika wurin, kuma ka kauce wa washegarin Sallah da ranar Lahadi. Kai ka tsaya daga sama ka yi gadi, ai aikinka ne.

Abu Maryam: Amma fa mata ku ma kun cika ƙorafi. In ba a kai ku ba ku ce an kulle ku, in an kai ku ku ce kun gaji. Mutum ya biya mai, ya yi tuƙi, me kuma ya rage?

Maman Hassana: Abin da ya rage? Girkin dare, haɗa jaka, kayan canji kala bibbiyu, goyo, canza famfas a kujerar baya, bin mai gudu, rarrashin mai kuka, wankin da za a dawo da shi. Kai kana gaba da gilashi a ido kana ɗaukar bidiyo kana cewa "ku kalli nan". In ci gaba?

Shugabar zaure: Jama'a a sassauta, muna cikin azumi. Abu Maryam, ka janye kafin a yi maka taron dangi. Maman Hassana, a bar shi haka ya ji.

Baban Khalifa: Bari in yi ikirari kafin a sha ruwa. Tambayar da Maman Hanif ta yi min ɗazu ta tsaya min a rai, sai na shiga ciki na tambayi Maman Khalifa, na ce ranar nan da giwaye suka tsare mu, kin tuna? Ta ce ta tuna an ce ga giwaye. Na ce kamar ya an ce? Ta ce lokacin auta ya yi amai a jikinta, kanta na ƙasa tana gogewa, tana toshe masa baki da nono don direba ya ce kada a yi motsi. Da ta ɗago sai ƙura. Shekara biyar ina ba da labarin nan a gabanta, ban taɓa sanin ba ta gani ba. Sau uku na kai ta, ko sau ɗaya ba ta shiga Wikki ba, tana bakin matakala da jaka.

Hajiya Yaya: To ka ga ka ci bashi, ɗana.

Maman Hanif: Baban Khalifa, wannan saƙon naka na tura wa Baban Hanif ba tare da na ƙara ko harafi ba. Ya karanta ya yi shiru, can ya ce to ya kike so a yi. Ga yadda muka tsaya: za mu je, amma ba kwana uku bayan Sallah ba, sai cikin mako in taro ya ragu. Za mu tafi da ƙanwata Zainab. Nana tasa ce tun daga ƙofar gida har mu dawo, ruwa da bayan gida da komai. Ba zan soya komai da dare ba, za mu sayi masa da safe a hanya. In na dawo da rai zan ba ku labari.

Malam Ɗanjuma: Allah Ya kiyaye hanya. Safaya fa, Hajiya.

Maman Hanif: Salamu alaikum, barkanmu da Sallah, mun je mun dawo jiya. Na farko dai, ba mu ga giwa ba. Awa biyu muna zagayawa a motar daji, mai rakiya ya nuna mana sawunta da rassan da ta kakkarya, ya ce da asuba suka wuce. Hanif ya cika ya yi fam, ya ƙi magana da kowa, sai da muka tsaya bakin ruwa ya hango kunnuwan dorina da hancinta sannan ya sauko. Mun ga gwambaza, mun ga ɓauna daga nesa, tsuntsaye kuwa ba a magana.

Malama Talatu, kin ci gari. Duk dajin nan abin da Nana ta ɗauko shi ne gadu. Suna yawo a tsakar masauki kamar awakin gida, suna durƙusawa a gwiwa suna kiwo, in sun zabura wutsiya ta miƙe sama cak. Tun jiya take rarrafe a falo da ludayi a bayanta wai ita ce.

Malam Ɗanjuma, na sa kowa ya kama ruwa a ƙofa, amma duk da haka ba mu yi rabin dajin ba Nana ta ce kashi. Na kalli tagar mota abina. Babanta ya juyo ya kalle ni, na ce ai taka ce. Allah Ya sa na taho da fo a but.

Gwaggon biri kuwa bai taɓa yara ba, mun bi maganar Maman Hassana. Baban Hanif ya samu, yana tsaye yana yi mana huɗubar kada kowa ya riƙe leda, kilishinsa na leƙe a aljihun riga.

Hajiya Yaya, na shiga. Da rigata da komai. Zainab na riƙe da Hanif, Babansu na zaune a matakala Sadiq a cinya, Nana a gefensa ta sa ƙafa a ruwa ya riƙe mata riga. Na kwanta a ruwan nan na kalli ganyen itatuwa a sama, ba wanda ya kira sunana, ban san minti nawa ba. Da na fito na tarar Sadiq ya yi masa aika-aika a farar shaddarsa ta Sallah, shi da na ce kada ya sa.

Anti Rabi: Jikin Sadiq fa? Ba zafi, ba gudawa?

Maman Hanif: Lafiya ƙalau Anti, sai cizon ƙuda ɗaya a wuyan Hanif, ya ɗan kumbura ya sace.

Abu Maryam: Ni dai jiya na kai Maryam wurin maƙera a cikin kasuwa. Ta ƙi tahowa, sai da na saya mata 'yar ƙaramar fartanya. Yanzu tana tone min tsakar gida.

Baban Khalifa: Malam Ɗanjuma, motarka tana da sarari ranar Talata mai zuwa? Mutum biyu ne kawai, yara za su zauna wurin kakarsu.

Hajiya Yaya: Uku. Ku biyo ta Jahun.